Baƙin Ruwan Inabin Kahor da Ƙoƙon da Muke Sha



Makonni uku da suka wuce, a nazarin Littafi Mai Tsarki na yammacin Laraba, muna kan sura ta biyu ta Bisharar Yohanna, wurin bikin auren Kana. Mun kai inda uban biki ya ɗanɗana abin da aka ɗebo masa ya yaba, sai wani ɗan'uwanmu da ke aikin raba abinci a wani otal a Abuja ya ɗaga hannu. Ya ce shi a wurin aikinsa kullum yana ganin baƙi suna yin irin abin da uban bikin nan ya yi. A zuba musu jan ruwan inabi kaɗan, su karkata kofin su duba, su shinshina, su kurɓa, sannan su ce a zuba ko a mayar. Tambayarsa biyu ce. Me suke nema a ciki? Kuma in har ruwan inabi ne Ubangiji ya miƙa wa almajiransa a daren jibin, me ya sa namu ƙananan kofunan jan lemo ne a cikinsu?

Nan take ɗakin ya kaure da musu. Wasu suka ce ai ruwan inabin zamanin Yesu ba ya sa maye. Wasu suka ce 'yan mishan ne suka ɓoye mana gaskiya. Aka yi addu'ar rufewa ba a daidaita ba. A bakin ƙofa wata 'yar'uwa ta ce da mu, ita yanzu ta fara jin kamar jibin da take ci tun ranar da aka yi mata baftisma bai cika ba. Wannan maganar ce ta tsaya mana a rai, ita ce kuma ta sa muka koma ga tarihi. Mu a zumuntarmu ba ma sha, kuma ba mu rubuta wannan don mu kwaɗaita wa kowa ba. Mun dai zaɓi ruwan inabi ɗaya, daga cikin mafi duhu da ƙarfi da aka sani a Turai, mu bi sawunsa mu ga inda zai kai mu.

Bari mu fara da tambayar farko, don ita ce mai sauƙi. In ka matse baƙaƙen 'ya'yan inabi, ruwan da zai fito kusan fari ne. Launin yana cikin ɓawo. Mai yin jan ruwan inabi yakan farfasa 'ya'yan, ya bar ruwan tare da ɓawon da ƙwayoyin a cikin babban mazubi, kwana bakwai, kwana goma, wani lokaci har sati uku ko fiye. A kwanakin nan yisti yana cinye zaƙin yana mai da shi barasa, ɓawon kuma yana sakin abu biyu, launi da bauri. Launin ɗan gida ɗaya ne da na zoɓo, don sinadaran da ke rina su dangin juna ne. Baurin kuwa, duk wanda ya taɓa tauna goro, ko ya sha shayin da ganye ya daɗe a ciki ba madara, ya san shi. Baki ya bushe, harshe ya yi kaushi kamar an goge shi da tsumma. Abin da ke jawo wannan sunansa tanin, kuma daga sana'ar jima sunan ya samo asali. Shi ne ke cikin bagaruwar da majeman Kano da Sakkwato suke jeme fatar akuya da ita. Yadda yake kama fata ya hana ta ruɓewa, haka yake kama yawun baki, haka kuma yake taimaka wa ruwan inabi ya yi shekaru bai lalace ba.

To, baƙin otal ɗin abin da suke aunawa ke nan. Suna karkata kofin a kan farin ƙyallen tebur don su ga zurfin launin. Sabon ruwan inabi yana da ja mai ratsin shuɗi, tsoho kuma bakinsa yakan koma kalar jan bulo. Suna juya kofin don iska ta shiga ƙanshin ya tashi. In sun kurɓa sai su riƙe a baki, su ji nauyinsa, kamar yadda kake bambance ruwa da madara a kan harshe, su ji tsaminsa, su ji baurin, su ji ɗumin barasar a maƙogwaro, sannan su lura da tsawon lokacin da ɗanɗanon zai yi kafin ya gushe. Wanda ake ce wa mai ƙarfi shi ne wanda ya haɗa duhun launi da nauyi da bauri mai yawa, barasarsa kuma takan kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari. Irin wannan ba a cika shansa shi kaɗai ba, sai da nama mai maiƙo, domin naman yana kwantar da baurin kamar yadda madara take kwantar da na shayi. Ana son shi da ɗan sanyi, digiri 16 zuwa 18, wato nesa da zafin ɗakunanmu na watan Maris. Wani abin da ya ba mu dariya shi ne, waɗanda ɗanɗanawa ce sana'arsu ba sa haɗiyewa. Su kurɓa, su wuskure baki, su tofar a bokiti, in ba haka ba kafin azahar ba sauran aiki.

Yanzu sai mu tafi Kahor. Faransawa suna rubuta sunan Cahors, amma ba sa furta harafin ƙarshe. Gari ne a kudu maso yammacin Faransa, kogin Lot ya kewaye shi ta ɓangare uku. Tun zamanin mulkin Romawa ake noman inabi a kwarin nan. Irin da suka riƙe shi ne wanda duniya ta sani yau da suna Malbec, su kuma a gida suna ce masa Auxerrois ko Côt. Ɓawonsa na da yalwar launi da bauri, shi ya sa abin da ake samu daga gare shi yake da duhu har aka yi masa laƙabi da baƙin ruwan inabi.

Arzikin garin ya buɗe ne ta dalilin wani aure. A 1152 Eleanor, magajiyar yankin Aquitaine, ta auri Henry Plantagenet, wanda bayan shekara biyu ya zama sarkin Ingila. Da wannan aure kudu maso yammacin Faransa ya shiga hannun sarautar Ingila, kuma tashar jiragen ruwa ta Bordo ta zama ƙofar da ruwan inabi ke fita zuwa Landan. Cinikin ba ƙarami ba ne. A kakar 1308 zuwa 1309 an fitar da manyan ganguna sama da 100,000 ta wannan hanya, kowace tana cin kimanin lita 900, kuma kaso mai yawa daga garuruwan saman kogi ya fito, irin su Kahor. Kogin Lot yana zuba a kogin Garonne, Garonne kuma ta Bordo ya bi ya shiga teku. Duk gangar da ta baro Kahor dole ta ratsa ta ƙofar maƙwabci.

Maƙwabcin nan kuwa ba ya da sauƙi. Ruwan inabin Bordo na wancan zamani ja ne fayau marar nauyi, na Kahor ya fi shi duhu da jure tafiya. Sai 'yan kasuwar Bordo suka nemo wa kansu gata daga sarauta, cewa ba za a shigo da kayan saman kogi tashar ba sai bayan 11 ga Nuwamba, daga baya ma aka matsa zuwa Kirsimeti. Don mu fahimci muguntar wannan doka sai mu tuna cewa a lokacin ba kwalba mai toshi, a gangar katako ake ajiya, kuma kafin shekara ta zagayo yawancin ruwan inabi ya yi tsami. Saboda haka sabo ya fi tsoho tsada, kuma jiragen Ingila da kaka suke zuwa su yi lodi su juya. Kafin na Kahor ya iso, kasuwa ta watse. Abin haushin kuma, 'yan Bordo ɗin sukan sayi baƙin na Kahor su zuba a nasu in shekara ta zo musu da rauni, don ya yi launi ya yi jiki, su sayar da sunansu. Ingila ta rasa Bordo a 1453, amma gatan bai tafi da ita ba, sarakunan Faransa suka bar shi yadda yake. Sai a 1776 wani minista mai suna Turgot ya soke shi, juyin juya halin 1789 kuma ya binne shi gaba ɗaya. Shekara ɗari biyar ke nan ana tare wa mutane hanya da takarda.

Kada mu ɗauka mutanen Kahor tsarkaka ne da aka zalunta kawai. Sun yi ƙaurin suna a Turai wajen ba da bashi da ruwa, har mawaƙin Italiya Dante ya jera sunan garinsu da na Saduma a littafinsa na labarin jahannama. Garin ya kuma haifi Paparoma. Jacques Duèze, ɗan Kahor, an zaɓe shi a 1316 yana da shekara saba'in da 'yan kai, masu zaɓen suna zaton ba zai daɗe ba, sai ya yi shekara 18 a kan kujera da suna Yohanna na 22. A Avignon ya zauna, domin a lokacin fadar Paparoma ta baro Roma. Shi ya gina wa garinsu jami'a, shi kuma ya gina wata fada a wani ƙauye arewa da Avignon, wanda yau ake kira Châteauneuf-du-Pape, wato sabuwar fadar Paparoma. Har gobe sunan ƙauyen yana kan kwalaben ɗaya daga cikin jajayen ruwan inabi mafi ƙarfi a Faransa.

Akwai wata dabara ta manoman Kahor da muke so ku riƙe, don za mu sake haɗuwa da ita sau biyu a gaba. A ƙarni na 18 da na 19, in suna son baƙin ya ƙara baƙi, sukan ɗebi wani kaso na 'ya'yan su gasa a tanda, ko su tafasa ruwan da ɓawonsa a tukunya, sannan su haɗa da sauran a bar shi ya tsimu. Zafi yana fasa ɓawo ya fitar da launi. Kowace uwa a cikinmu da ta taɓa dafa zoɓo ta san wannan ba tare da an koya mata a makaranta ba.

Daga nan labarin ya shiga majami'a, amma sai mun ɗan koma baya. Tun farkon ikilisiya, ruwan inabi gauraye da ruwa ake zubawa a ƙoƙon jibi. Yustin Shahidi ya bayyana haka a Roma wajen shekara ta 150. Bayan shekara ɗari, a nahiyarmu ta Afirka, Kifriyanus bishop na Kartej, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ji cewa wasu suna yin jibi da ruwa zalla. Ya rubuta doguwar wasiƙa wajen shekara ta 253 yana tsawata musu. A fahimtarsa ruwan inabin yana nuna jinin Almasihu, ruwan kuma yana nuna jama'a, in an gauraya su ba mai iya raba su kuma. Shekara biyar bayan haka aka sare kansa saboda bangaskiya. Ikilisiyoyin Otodoks na gabas sun riƙe garwayar nan har suka ƙara a kai. Dab da a ba jama'a, firist yakan zuba ruwan zafi a cikin ƙoƙon, alamar ɗumin rai da na bangaskiya. Ana sa gurasar a ciki, a ba kowa da cokali, har jarirai waɗanda aka yi wa baftisma.

Ku duba matsalar da wannan ya jawo wa firist a Rasha. Tsakiyar ƙasarsa ta yi sanyin da inabi ba ya nuna, dole a sayo daga nesa. Abin da aka sayo sai ya jure watanni a jirgin ruwa da amalanke bai yi tsami ba. In ya iso kuma za a zuba masa ruwa sau biyu, a raba wa ɗaruruwan mutane, kuma ana so bayan duk wannan ya ci gaba da zama ja kamar jini, ba ruwan hoda-hoda ba. Baƙin Kahor ya dace da wannan buƙata kamar don ita aka yi shi. Ana ba da labari cewa Sarki Bitrus Mai Girma, wanda ya rasu a 1725, yana shan sa saboda ciwon ciki, abin da zai tuna mana shawarar da Bulus ya ba Timoti a wasiƙarsa ta fari, sura ta biyar. Ko labarin sarkin ya inganta ko an ƙara masa gishiri, sunan garin dai ya shiga harshen Rashanci ya zauna. Suna cewa kagor, kuma ga mutumin Rasha kalmar tana nufin ruwan inabin coci.

Sai annoba ta faɗa wa Faransa. Wani ƙaramin ƙwaro da ido da ƙyar yake gani, filoksera, ya shigo daga Amurka a jikin dashen inabi. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863. Saiwa yake tsotsa, kurangar ta yi rawaya ta bushe cikin 'yan shekaru. A ƙarshen shekarun 1870 ya iso kwarin Lot ya share gonakin, iyalai da yawa suka bar ƙauyukansu. Maganin da aka samo daga baya manomanmu na mangwaro za su gane shi nan da nan, don aure ne. Saiwar inabin Amurka ta saba da ƙwaron, sai aka riƙa aura mata reshen inabin Turai. Kusan duk gonar inabin da ke Faransa yau haka take, kai na gida, ƙafa ta baƙo. Kahor ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Da ta fara miƙewa sai matsanancin sanyin Fabrairun 1956 ya sake kashe yawancin kurangun. Aka sake dasawa, kuma a 1971 gwamnati ta ba sunan Kahor kariyar doka, da sharaɗin aƙalla kashi 70 cikin ɗari ya zama Malbec ne. Yau gonakin sun kai kimanin hekta 4,000.

Shi kuwa Malbec ya riga ya yi hijira tun kafin annobar. A 1853 aka kafa makarantar noma a Mendoza ta ƙasar Ajantina, a ƙarƙashin wani Bafaranshe mai suna Michel Pouget, wanda ya kawo ire-iren inabin ƙasarsu. A gindin duwatsun Andes, inda rana take da ƙarfi kuma ruwan sama kaɗan ne, irin ya yi kyau fiye da yadda ya yi a gida. Ajantina tana da sama da hekta 40,000 nasa a yau, ninki goma na Kahor. Da muka tambayi ɗan'uwanmu na otal, ya ce lalle sunan da yake gani a kwalaben ke nan, kuma daga Ajantina suke.

Rashawa ma ba su zauna jiran Faransa ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 sun fara yin nasu kagor a kudancin daularsu, a Kirimiya da Moldoba da yankin Kaukasus, da wasu ire-iren inabi dabam. Ga dabarar tukunya ta dawo. Sukan ɗumama farfasassun 'ya'yan sosai kafin su tsimu don launin ya fito, sannan su tsayar da tsimuwar da barasa tun zaƙin bai ƙare ba. Abin da ake samu baƙi ne, mai kauri, mai zaƙi, barasarsa wajen kashi 16 cikin ɗari. Ya yi nisa da na Kahor a ɗanɗano, sunan kawai ya gada da duhun. Ko a zamanin Tarayyar Sobiyet, da gwamnati take rufe majami'u, masana'antunta ba su daina yin kagor ba.

To, mu ina muka shigo? Ta wata tukunya ta uku, a wani ɗakin girki a Amurka.

A ƙarni na 19 shaye-shaye ya yi wa Amurka da Ingila mugun ta'adi. Barasar da aka tace, irin su wiski da jin, ta yi araha, magidanta suna shanye albashi, mata da yara suna kwana da yunwa da duka. Ikilisiyoyi, musamman Metodis da Baftis, suka tashi da yaƙin ƙaurace wa giya gaba ɗaya. Amma sai ga abin kunya a teburin Ubangiji. Mutumin da ya yi alkawarin bari, ya yi wata shida yana kokawa da kansa, ran Lahadi fasto ne da hannunsa zai miƙa masa ƙoƙon da ke ƙanshin abin da yake gudu. Neman mafita ya yi wuya, domin ruwan 'ya'yan inabi ba ya jira. Yisti yana nan a jikin ɓawon da cikin iska, in ka matse ka ajiye, cikin 'yan kwanaki ya fara kumfa da kansa.

A shekarun 1860 masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke tsimar da ruwan inabi, su ne kuma ke lalata shi, kuma ɗumamawa tana kashe su. Shi don ya ceci cinikin ruwan inabin ƙasarsu ya yi binciken. Wanda ya juya binciken ta wata fuska shi ne Thomas Welch, likitan haƙori kuma ɗan Metodis, haifaffen Ingila, mazaunin garin Vineland a jihar New Jersey. A 1869 ya matse inabin Amurka da ake kira Concord, ya tace, ya ɗura a kwalabe, ya toshe, ya sa su a ruwan zafi. Makonni suka wuce ba kwalbar da ta yi kumfa. Ya kai wa ikilisiyoyi, amma da farko ba su karɓa da hannu biyu ba, har ya gaji ya ajiye sana'ar. Ɗansa Charles ne ya ɗauka ya yi ta talla. A 1880 babban taron Metodis na Amurka ya umarci a riƙa yin jibi da ruwan inabi marar barasa duk inda zai yiwu, kuma a baje kolin duniya na Chicago a 1893 dubban mutane suka ɗanɗana shi. A shekarun 1890 ɗin ne kuma tsoron yaɗuwar cuta, musamman tarin fuka, ya sa wasu ikilisiyoyin Amurka suka bar ƙoƙo ɗaya suka koma ƙananan kofuna a kan faranti, irin waɗanda dattawanmu suke zagayawa da su yau.

Ku lura da shekarun. A Disambar 1893 ne Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent suka sauka Legas, mafarin mishan ɗin SIM. A 1904 'yan SUM suka iso Wase, a 1923 'yan mishan na Brethren suka kafa tasha a Garkida. Yawancin waɗanda suka kawo mana bishara ta waɗannan hanyoyi sun taso ne a ikilisiyoyin da suka riga suka rungumi ƙaurace wa giya. Sun kuma tarar da Arewa a ƙarƙashin dokar hana shigo da barasar Turai, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890, ga maƙwabta Musulmi da giya haramun ce gare su, ga kuma burukutu da ke da matsayi a bukukuwan gargajiya na garuruwa da yawa. Barin sha ya zama ɗaya daga cikin alamun sabon tuba. Ba ɓoye wani abu suka yi ba, abin da suke yi a majami'unsu na gida shi suka kawo. 'Yan'uwanmu na Katolika kuwa ba su taɓa barin ruwan inabi na ainihi ba, ko da yake su ma sun yarda firist mai fama da matsalar sha ya yi amfani da wanda aka tsayar da tsimuwarsa, in bishop ya ba shi izini.

A ganinmu duka ɓangarori biyun musun Larabar nan sun yi kuskure. Masu cewa ruwan inabin Littafi Mai Tsarki ba ya sa maye, tarihi bai goyi bayansu ba. A ƙasar Isra'ila ana girbin inabi ne wajen Agusta da Satumba, Idin Ƙetarewa kuma wajen Maris ko Afrilu yake zuwa, wata shida ko bakwai bayan matsewa, shekaru 1,800 kafin kwalaben Welch. Mutanen dā sukan dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar zuma don ajiya, wannan gaskiya ne, amma abin sha na yau da kullum tsimamme ne. In ba haka ba, da Bulus bai tsawata wa Korintiyawa a sura ta 11 cewa wasu suna buguwa a wurin jibi ba, da kuma Karin Magana 23 bai yi dogon gargaɗi a kan jan ruwan inabin da ke ƙyalli a ƙoƙo ba. Misalin sabon ruwan inabi da tsofaffin salkuna ma bai da ma'ana sai in abin yana kumfa yana kumbura fata. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, ana surka shi da ruwa, kuma ba su san tatacciyar barasa irin ta 'yan ƙananan ledojin da ke kashe samarinmu a tashoshin mota ba.

Masu cewa an yaudare mu kuma sun manta da mutumin nan mai wata shida yana kokawa. Yana nan a majami'armu, ba a Amurka kaɗai ba, wasunmu ma a gidansa muka tashi. Waɗanda suka canja abin da ke cikin ƙoƙon sun yi haka ne don kada teburin Ubangiji ya zama masa abin tuntuɓe, kuma Bulus ya yi maganar irin wannan la'akari a Romawa 14. Kifriyanus da zai yi musu da su, wannan ba shakka, kuma har yau akwai masu bi na gaskiya da suke tare da shi. Wannan zance ne na dattawa da majalisun ikilisiya, ba na zumuntar matasa ba. Abin da muka faɗa wa 'yar'uwarmu shi ne, wanda ake tunawa da shi a teburin ɗaya ne, ko a cokalin firist na Mosko ko a ƙaramin kofin roba a Kafanchan, kuma ba adadin barasa ne ya sa ta zama mai rabo a cikinsa ba. Ta ce za ta yi tunani a kai, ta kuma ce za ta yi magana da fasto.

Ranar Asabar da ta wuce, jajiberin jibi, biyu daga cikinmu suka je taya mama mai kula da kayan tebur shiri. Wanke kofuna, goge farantai, yanka gurasa. Da aka zo haɗa abin sha, ɗayanmu ya zuba jan lemon mai kauri a babban jug ya bi shi da ruwa, yana lissafin mutum ɗari uku da 'yan kai, har da baƙin da za su zo bikin miƙa jariri. Mama ta karɓi jug ɗin, ta tsiyaya kaɗan a kofi, ta ɗaga shi ta fuskar taga ta duba. Ta girgiza kai.

"Ɗana, ruwan ya yi yawa," in ji ta. "Ƙaro jan. Wannan ai ya koɗe."